Dogon Hutu Ya Zo: Wane Littafi Za Ka Miƙa Wa Ɗanka?

Daga Wakilinmu na Arewa, Kaduna

Ga damina ta kankama, makarantu sun rufe, yara sun dawo gida dogon hutu. Kwanan baya na roƙe ku a wannan fili, ku 'yan'uwanmu mazauna Kurmi, kowa ya aiko mini da sunan littafin da ya ke ganin ya kamata a karanta cikin hutun nan, tare da dalilinsa. To, alhamdu lillahi kun amsa. Saƙonni sun zo daga Ikko da Badun da Shagamu, har da Anacha da Fatakwal, waɗansu a takarda, waɗansu ta waya. Ba zan ambaci sunan kowa ba, amma ra'ayin kowa zan kawo shi kamar yadda ya zo.

Bari in fara da wasiƙar da ta hana ni barci. Wani mai sayar da goro a Shagamu ya ce bara ya kai ɗansa gida ganin dangi. Yaron nan a Kurmi aka haife shi, Turanci a bakinsa kamar ruwa, Yarabanci kuwa sai ka rantse Bayarabe ne. Ran nan kakarsa ta miƙa masa wata takarda da aka rubuta da Hausar boko, ta ce ya karanta mata. Yaro ya duba, ya yi ta in-ina, bai san bambancin ƙ da k ba, bai san ɗ da d ba, har ƙannensa na ƙauye suka fashe da dariya. Uban ya ce kunyar da ya ji ran nan ba ta misaltuwa, kuma bai ga laifin yaron ba, nasa ya gani, domin bai taɓa shigo da littafin Hausa ko guda cikin gidansa ba. Saboda haka tambayarsa ita ce, da wane littafi zai fara? Ga amsar da 'yan'uwansa suka ba shi.

DATTAWA SUN TSAYA A KAN IMAM

Mafi yawan dattawan da suka rubuto ba su yi wata-wata ba, suka ce Magana Jari Ce na marigayi Alhaji Abubakar Imam. Littafin nan kashi uku ne, an buga shi a Zariya tsakanin 1937 da 1939, kuma a cikinsa ne aku ya ke ba ɗan sarki labari bayan labari don ya hana shi fita. Wani tsohon direban babbar mota a Agege ya ce amfanin littafin ga yaro shi ne labarun gajeru ne, ana iya gama ɗaya tsakanin magariba da lisha, yaro ya kwana yana ɗokin na gobe.

Amma wani ɗalibin jami'a a Badun ya kawo suka. Ya ce da yawa daga labarun nan ba na Hausawa ba ne, Imam ya aro su ne daga Dare Dubu da Ɗaya da littattafan tatsuniyoyin Turawa da na Gabas. Gaskiya ɗalibin nan ya faɗa, masana sun daɗe da tabbatar da haka. Sai dai ni a ganina wannan ba abin kunya ba ne. Yadi na kanti ne, amma ɗinkin na Bahaushe ne, kuma rigar ta zauna a jikinmu. Wanda ya ke neman ya ji yadda a ke jera magana da Hausa, da karin magana da ba'a da habaici, can zai same su.

Masu son dariya kuwa Ruwan Bagaja suka zaɓa, inda Alhaji Imam da Malam Zurƙe ɗan Muhamman su ke ta ƙulla wa juna tsiya gari gari. Ga waɗanda ba su sani ba, littafin nan ya fito ne daga gasar da Hukumar Fassara ta Zariya ta shirya a 1933 a ƙarƙashin Dokta R. M. East. Daga wannan gasa da wannan zamani ne aka sami Ganɗoki na Malam Bello Kagara, da Idon Matambayi na Malam Muhammadu Gwarzo, da Shaihu Umar na Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Jiki Magayi wanda John Tafida ya rubuta tare da East. Watau ke nan littattafan nan sun haura shekara 90, amma har yau su a ke fara ambata.

LITTAFIN DA YA SA ƘATO HAWAYE

Wani mai gadi a Fatakwal ya ce shi Shaihu Umar ne nasa, kuma bai ɓoye ba, ya ce ya yi hawaye. Labarin yaro ne da aka sace, aka ƙetare Sahara da shi har ƙasar Masar, uwarsa kuma ta bar gida ta shiga duniya nemansa, har ita ma ta faɗa hannun masu cinikin bayi. Mai gadin nan ya ce shekararsa uku bai je gida ba, da ya kai inda uwar ta ke neman ɗanta sai ya ajiye littafin ya kira tasa tsohuwar. Mawallafin, kamar yadda kowa ya sani, shi ne ya zama Firayim Ministan Nijeriya, aka kashe shi a juyin mulkin Janairun 1966, Allah ya jiƙansa. An mai da littafin Turanci a 1967, aka kuma yi sinimarsa a 1976.

Wani saurayi mai ɗaukar kaya a kasuwar Mile 12 ya ce a gaya wa masu shirin baro ƙauye su nemi Kitsen Rogo na Abdulƙadir Ɗangambo, wanda ya fito a 1978. Labarin wanda ya raina gona ne, ya tafi birni neman arziki, ya faɗa cikin miyagun abokai. Saurayin ya ce ba don a hana kowa fita nema ba, domin shi ma nema ya kawo shi, amma a fito da ido buɗe. Waɗansu samari kuma suka ambaci Ƙarshen Alewa Ƙasa na Bature Gagare da Turmin Danya na Sulaiman Ibrahim Katsina, duka biyu na 1982. Sai dai wani malamin makaranta ya ja kunne, ya ce na Gagare akwai kisa da zub da jini a ciki, na manya ne, kada a miƙa wa ɗan firamare.

INDA AKA YI KACE-NACE

Babu inda ra'ayi ya rabu kamar a kan littattafan soyayya. Wani malamin allo a Idi-Araba ya ce shi bai yarda a shigo da su gida ba, domin a ganinsa suna sa wa 'yan mata dogon buri, suna hana su aikin gida. Ya ce lokacin hutu na tilawa ne da littattafan addini da tarihin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi.

Mata kuwa ba su yi shiru ba. Wata matar aure daga Sabo ta Badun ta ce ita ajin firamare huɗu ta yi aka cire ta, kuma ba don waɗannan littattafai ba da tuni karatun boko ya gudu daga kanta. Ta ce ba a yi wa littafi hukunci da bangonsa, ta kuma kawo misalin Alhaki Kuykuyo Ne na Hajiya Balaraba Ramat Yakubu, wanda ya fito a 1990. Labarin Rabi ne, wadda miji ya kora da 'ya'ya tara bayan ya yi amarya, ta kama sayar da abinci ta riƙe su. Ta ce ta so a ce maza ne su ke karanta shi. Littafin nan har a ƙasar Indiya an buga fassararsa ta Turanci a 2012.

Wata kuma, wadda ta ce 'yarta ta kawo mata saurayi ba Bahaushe ba, ta zaɓi So Aljannar Duniya na Hajiya Hafsatu Abdulwahid, na 1980, wanda a ke lissafa shi a matsayin ƙagaggen labari na farko da mace ta buga da Hausa. Labarin yarinya Bafillatana ne da ta so wanda ba ɗan ƙabilarsu ba, dangi suka tsaya a kan a'a. Ta ce wannan magana a Arewa labari ce, amma a Kurmi kullum tana bakin ƙofa. 'Yan mata da dama kuma sun ambaci In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino.

Ni dai abin da zan ce, malam yana da gaskiya cewa akwai baragurbi a cikinsu, musamman waɗanda a ke yaɗawa ta waya ba wanda ya tace su. Matan nan kuma suna da gaskiya cewa akwai na ƙwarai. Maganin abin guda ne: uwa ko uba ya riga yaro karantawa.

MASU SON LABARIN GASKIYA

Ba kowa ke son ƙagaggen labari ba. Wani dillalin shanu ya ce shi ba ya ɓata lokaci a kan abin da bai faru ba, a ba shi Kano Ta Dabo Cigari na Alhaji Abubakar Dokaji, ko Tarihin Fulani na Wazirin Sakkwato Junaidu, domin yaron da bai san Bagauda da Shehu Usmanu ba, in aka tambaye shi asalinsa a makaranta sai ya sunkuyar da kai. Wani ma'aikacin gwamnati ya zaɓi Tafiya Mabuɗin Ilmi, inda Imam ya ba da labarin zuwansa Ingila a 1943 tare da editocin Afirka ta Yamma, cikinsu har da Dokta Nnamdi Azikiwe. Ya ce a nan za ka ga yadda baƙo mai hankali ya ke duban ƙasar mutane, ya yaba abin yabo, bai kuwa zubar da nasa ba.

Wanda ya fi ba ni mamaki shi ne wani malamin sakandare da ya ce mazauna Badun su nemi littafin wani Bature mai suna Abner Cohen, Custom and Politics in Urban Africa, na 1969. Ashe littafin nan a kan Sabo ta Badun aka yi shi dungum, watau unguwar da aka keɓe wa Hausawa tun 1916, da yadda fataucin goro da shanu ya ke tafiya ta hannun masu masauki, da yadda ɗariƙar Tijjaniyya ta haɗa kan mutanen unguwar. Malamin ya ce abin takaici ne a ce ana karanta tarihin unguwa a jami'o'in duniya, jikokin masu unguwar ba su san da shi ba.

Shi ne kuma ya ce kada mu manta da masu masaukinmu. Wanda ya ke zaune cikin Ibo ya karanta Things Fall Apart na Chinua Achebe, na 1958. Wanda ya ke cikin Yarabawa ya nemi labarin maharbi na D. O. Fagunwa, na 1938, wanda Wole Soyinka ya mai da Turanci. Ya tuna mana da cewa Cyprian Ekwensi, wanda aka haifa a Minna, ya rubuta Burning Grass a kan Fulani makiyaya a 1962. In ɗan Kudu ya zauna ya rubuta labarinmu, mu ma sai mu san nasu. Zama da mutane sai da sanin halinsu.

TO, INA MAFITA?

Ƙorafin da ya fi yawa shi ne littattafan Hausa ba sa samuwa a kantunan Kudu. Haka ne. Yawancin tsofaffin nan kamfanin NNPC na Zariya ne ya yi ta buga su tun bayan kafa shi a 1966, ina nufin na ɗab'i, ba na man fetur ba, kuma a Kano da Zariya da Kaduna aka fi samun su. Amma jama'a, kullum motoci suna sauke shanu da albasa da tumatir a Kurmi. Wanda ya iya aika wa a kawo masa kilishi da daddawa daga gida, ba zai kasa aika wa a haɗo masa da littafi ba. In mutum biyar a layi ɗaya kowa ya sayi guda, aka riƙa musaya, an sami ɗakin karatu.

Ga amsata ga mai goron Shagamu. Alhaji, fara da Magana Jari Ce na ɗaya. Kada ka jefa wa yaron ka tafi kasuwa. Bayan lisha ku zauna, ka karanta shafi guda da ƙarfi yana bin ka da ido, sa'an nan ka miƙa masa ya karanta na gaba. In ya yi tuntuɓe kada a yi masa dariya. In kai ma bokon bai zauna maka ba, to, shi ya haɗa baƙaƙen, kai ka gyara masa lafazi ka fassara masa karin magana, kowa ya ƙaru da ɗan'uwansa. Da sannu a kan cim ma nesa. Kafin a koma makaranta, in Allah ya yarda, zai karanta wa kakarsa takarda ba gargada.

Wanda ya gwada, ya rubuto mana yadda aka ƙare. Allah ya ba mu hutu mai albarka, ya tsare mana zuriya a duk inda mu ke. Sai mako mai zuwa.