Garin Dabino a Madadin Sukari

  

Tun shigowar wannan wata mai alfarma, tambaya ɗaya ta yawaita daga wajen iyayenmu mata, ita ce ta garin dabino, wanda wasu gidaje suka fara zubawa a kunu da fura maimakon sukari. Suna so su san ko ya fi sukari, kuma ko mai ciwon sukari zai iya shan sa yadda ya ga dama, tun da dabino abincin Annabi ne, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Amsar tambaya ta farko ita ce i. Amsar ta biyu ita ce a'a, kuma a kan wannan a'a ɗin ne rayuka suke rataye.

Mu fara duba halin da muke ciki. Babu watan da sukari ke shiga gidajenmu kamar Ramadan. Ɗa yana kai wa mahaifansa, suruki yana kai wa surukansa, mai gida yana raba wa barorinsa, har ya zama wanda bai kai kwalin sukari ba ana ganin ya gaza. To a lissafa abin da mutum guda ke sha daga magariba zuwa sahur. Kunun tsamiya da sukari, zoɓo ko lemon haki da sukari, kwalbar lemo mai sanyi, bayan asham a ɗora shayi na fari da na biyu da na uku, da asuba kuma fura ko koko, su ma da sukari. Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da shawara a shekarar 2015 cewa sukarin da babban mutum zai ƙara wa abincinsa da abin shansa kada ya wuce kimanin giram 50 a yini, wato cokalin shayi 12, kuma in ya tsaya a giram 25 ya fi masa. Zuma ma sun sa ta cikin wannan lissafi. Ƙwayar sukari guda ta kwali tana kai giram 5 zuwa 6. Kwalbar lemo ɗaya ta santilita 33 tana ɗauke da kusan giram 35, wato ƙwaya shida ko bakwai. Mutum ya yini yana kame bakinsa don Allah, sannan cikin dare ɗaya ya ɗura wa cikinsa rabon kwana uku. Allah Maɗaukaki ya halatta mana ci da sha a cikin Suratul A'arafi, kuma a ayar nan ɗin dai ya hana mu ƙetare iyaka.

Mene ne sukari, kuma mene ne dabino? Wanda ya taɓa shan rake ya san yana tsotse ruwan ya tofar da tuƙa. Masana'anta ma haka take yi, sai dai ta zarce nan: ta matse rake, ta dafa ruwan, ta cire baƙin maɗin da ke tare da shi, ta tace, har ya rage farin gari wanda babu komai cikinsa sai zaƙi tsantsa. Shi kuwa garin dabino, ɗan itacen ne gaba ɗayansa aka busar aka daka, ƙwallon kaɗai aka fitar. Fatarsa tana ciki, zare-zaren namansa suna ciki, waɗanda suke a wurinsa kamar matsayin dusa a wurin hatsi. Masana abinci sun auna sun ce a giram 100 na busasshen dabino akwai kimanin giram 7 na wannan dusa, ita kuwa tana taushe ciki, tana taimakon mai azumin da bayan gida ke yi wa wuya, tana kuma ɗan rage saurin shigar zaƙi cikin jini. Akwai kuma sinadarin da suke kira fotasiyam, wanda zuciya da jijiyoyi ke buƙata, da wasu ƴan ma'adinai kaɗan-kaɗan. Farin sukari ba shi da ko ɗaya daga cikin waɗannan. Ta nan ne garin dabino ya fi.

Kuma kada wani ya ɗauka sabon abu ne ya zo daga birni. Abzinawa tun kaka da kakanni suna daka hatsi da cuku da dabino su dama, shi ne guzurin ayarin da ke zuwa Bilma da Fashi ya komo da gishiri da dabinon Kawar. Mu ma a nan, tsofaffin da muka taras ba su san sukari ba sai wurin sarki ko babban attajiri. Zaƙinsu daga garin ɗorawa yake, da goriba, da magarya wadda ake dakawa a dunƙula, da maɗin ɗinya, da takanɗa lokacin kaka. Harshensu bai saba da zaƙi mai ƙarfi ba, don haka kaɗan yake isar su. Namu harshen ne aka horar har ya zama kunu ba ya shiga sai cokali ya tsaya a ciki.

To yanzu ga inda nake so a buɗe kunne. A giram 100 ɗin nan na dabino, kimanin giram 65 sukari ne. Wato kashi biyu cikin uku. Jini kuwa ba ya tambayar zaƙi daga ina ya fito, ko daga Ingal ko daga kanti. Awo uku na garin dabino daidai yake da awo biyu na farin sukari. Kuma da yake zaƙinsa bai kai na sukari kaifi ba, sai uwargida ta ɗanɗana kunu ta ji bai yi ba, ta ƙara, ta sake ƙarawa. Wadda da take zuba awo ɗaya na sukari, in ta zuba biyu na garin dabino, ta wuce inda take da farko, alhali zuciyarta tana kwance cewa ta kyauta wa mai gida.

Akwai wata dabara kuma da dakan ke ɓoyewa. Dabino guda matsakaici yana ɗauke da zaƙin da ya kusa ƙwayar sukari ɗaya. In kana cin sa ɗaiɗai, kana tauna, kana ajiye ƙwallo a gefe, ƙwallayen nan su ne masu shaida: ka ga uku, ka ga biyar, ka ji kunya ka tsaya. Amma in an mai da shi gari, dabino goma zai shige cikin kofi ɗaya ka kwankwaɗe babu mai ƙirga maka. Saboda haka uwargida, ranar da za ki daka, ƙirga dabinon kafin ya shiga turmi, sannan ki ƙirga cokalin garin da ya fito. Daga nan kin san dabino nawa ke cikin kowane cokali, kin kuma san abin da kike ba kowa.

Masu cewa abin da Annabi ya ci ba ya cutarwa, niyyarsu kyakkyawa ce, amma ba su karanta babin har ƙarshe ba. Gaskiya ne Anas ɗan Malik ya ruwaito cewa Manzon Allah yana buɗa baki da ɗanyen dabino kafin ya yi salla, in babu sai busasshe, in babu sai ya kurɓi ruwa, kamar yadda ya zo a wurin Abu Dawuda da Tirmizi. Amma ƴan ƙwayoyi ne, ba tire ba. Gaskiya ne kuma Nana A'isha ta ba da labarin cewa ana ganin jinjirin wata har sau uku ba a hura wuta a ɗakunan Annabi ba, suna rayuwa da dabino da ruwa. Ku lura, dabinon nan shi ne abincin gaba ɗaya. Ba a bayan tuwo da shinkafa da soyayyen nama da ƙosai yake zuwa ba, kamar yadda namu ke zuwa.

Ga kuma hadisin da ya yanke gardama, na Ummul Munzir, wanda Abu Dawuda da Tirmizi da Ibnu Majah suka fitar. Annabi ya shiga gidanta tare da Sayyidina Aliyu, shi kuwa Aliyu bai daɗe da tashi daga jinya ba. Akwai nonnan dabino a rataye. Annabi ya tashi yana ci, Aliyu ma ya miƙa hannu, sai Annabi ya dakatar da shi, ya tuna masa cewa jikinsa bai gama komawa ba. Da matar ta kawo dafaffen sha'ir da ganye, sai ya umarce shi ya ci wannan, domin shi ya fi dacewa da shi. Dabino ɗaya, ɗaki ɗaya, lokaci ɗaya, ya halatta wa mai lafiya, an kange shi daga mai rauni, kuma wanda ya kange shi ne wanda ya fi kowa sanin darajar dabino. Ibnul Ƙayyim ya kawo wannan hadisi a cikin Zadul Ma'adi a matsayin dalilin kame majinyaci daga abincin da zai cutar da shi. Wanda lokotoro ya ce masa ya rage zaƙi, ya rage, yana kan sunna ne, bai bar ta ba.

Saboda haka mai ciwon sukari ya ɗauki garin dabino a matsayin zaƙin da ake aunawa, ba magani ba. Kada ya ajiye ƙwayoyinsa ko allurarsa don wani ya ce masa dabino yana wanke jini. Ya je gidan likita mafi kusa da shi, ko nan Malbaza ko Galmi ko Ƙonni, ya faɗa wa ma'aikaci abin da yake sha da yawansa, a auna jininsa, a daidaita masa lokacin magani da azumi. Awon jinin yatsa ba ya karya azumi. Mai ciwon ƙoda ma ya tambaya kafin ya yawaita, domin fotasiyam ɗin da ke amfanar mai lafiya yana iya taruwa a jinin wanda ƙodarsa ba ta tacewa sosai.

Akwai ma wurin da farin sukari ya fi garin dabino, kuma adalci ne mu faɗa. Mai shan maganin ciwon sukari, in yana azumi ya ji jikinsa na rawa, zufa mai sanyi na keto masa, jiri ya ɗebe shi, idonsa ya fara duhu, ko aka auna aka ga ya sauka ƙasa da giram 0,70 a lita, to ya karya azumi nan take, ko da saura kaɗan a kira salla. A narka masa ƙwayar sukari uku a ruwa ya sha, domin a wannan hali gaggawa ake nema. In ya fita hayyacinsa kada a ɗura masa komai a baki, a garzaya da shi likita. Haka in awon ya haura giram 3, ya sha ruwa ya nemi ma'aikacin lafiya. Allah ya yi wa marar lafiya rangwame a Suratul Baƙara, ya rama a wasu kwanaki. A wurin malamanmu na Malikiyya, wanda ya ji tsoron halaka ko cuta mai tsanani, karya azumi wajibi ne a kansa, ba zaɓi ba.

Ga mai lafiya da ke son yi a gida, abin ba wuya. A nemi busasshen dabino mai tauri, irin wanda ke saukowa daga Agadas ta hanyar Tawa, ba mai laushi da danƙo ba, don shi sai ya cakuɗe a turmi ya zama curi. A ɗauraye shi, a tsaga kowanne a cire ƙwallo, a duba ciki da kyau, domin dabinon da ya daɗe a buhu ba ya rasa tsutsa. A shanya a faranti mai tsabta, a rufe da siririn mayafi saboda ƙuda da ƙura, kun san ƙurar garin nan ba sai an gaya muku ba. Idan ya bushe har yana karyewa ƙas a hannu, a daka a tankaɗe, a mai da tsakin turmi a sake. Wadda za ta kai inji ta tabbata ba a bayan barkono ko daddawa za a niƙa mata ba. A zuba a kwalba busasshiya mai murfi, don yana jan laima ya dunƙule, kuma a yi na kwana kaɗan-kaɗan. Wanda zai sayi dakakke a kasuwa ya saya wurin wanda ya amince da shi. Mai sayarwa kuma ya ji tsoron Allah: haɗa shi da sukari ko garin rogo a kira shi tsantsar dabino algus ne, kuma a nan algus ɗin yana iya kwantar da majinyaci.

Yana shiga kunun hatsi da na gyaɗa da na aya, da koko, da fura da nono, da kunun yaron da ya wuce wata shida. A shayi kam ba ya yi, ba ya narkewa, yana kwanciya a gindin kofi. Masu shayi su haƙura su rage ƙwaya, yau ɗaya, bayan kwana uku wata ɗaya. Harshe yana sabawa da ragi kamar yadda ya saba da ƙari. Bayan an sha a yi asuwaki, musamman yara, domin zaƙin dabino yana manne wa haƙori.

Wata baiwar Allah ta tambaya ko wanda ya buɗa baki da kunun da aka sa wa garin dabino ya sami sunna. Buɗa baki da dabino mustahabbi ne, ba wajibi ba, kuma wasu malamai sun riskar da abu mai zaƙi da shi. Amma abin da aka ruwaito shi ne ƙwayoyin dabino, malamai kuma sun so a yi su mara, ɗaya ko uku ko biyar. Mai iko ya fara da wannan, kunu ya biyo bayan salla.

Sai maganar kyautar sukari. Sada zumunci ne, ba mu hana ba. Sai dai wanda ya san mahaifinsa ko surukarsa na fama da ciwon sukari, kada ya kai masa kwali biyar don gudun bakin mutane. Ya kai ɗaya saboda baƙi da jikoki, kuɗin sauran ya mai da su wake ko mai ko nama, ko ya biya masa awon jini da maganin wata. Iyaye kuma su karɓa da sa albarka, kada su auna ƙaunar ƴaƴansu da yawan kwalaye.

Gobe in Allah ya kai mu za mu ɗauki hukuncin tsoho da mai ciwon da ba a sa ran warkewarsa, da gwargwadon mudun da ake ciyarwa a madadin kowane yini.