Yadda za ka ƙera ƙaramar tankar yaƙi da gwangwani

Yaran Gwandu da Kalgo sun saba ƙera motocin gwangwani, amma da ido suke awo. Ita tanka sai da lissafi. Ɗauki M3 Stuart, ƙirar Amurka ta 1941, wadda aka yi yaƙi da ita a Bama, inda sojojin Najeriya ma suka fafata. Tsawonta kusan mita 4.5 ne. Raba da 35 a kalkuletar wayarka, ka samu santimita 13. Haka za ka raba kowane sashe, in ba haka ba bindigar ta fi ƙarfin jikin. Fara gwadawa da kwali. Nemi gwangwanin madara, domin dalma ba ta kama alminiyam ɗin gwangwanin lemo. Goge bakin ƙarfen, kada ya yanke ka.