Ƙaramar Bindiga Mai Araha a Amurka: Ina Gaskiya, Ina Ƙarin Gishiri

Maganar da ta fi yawo ita ce wai a Amurka mutum yana shiga kanti ya sayi ƙaramar bindiga kamar burodi, ya soke ta a ƙugu ya fito. Ana jin haka a majalisun hira a gida, ana kuma ji a bakin sababbin zuwa Amurka masu tuƙin tasi ko tsaron shago cikin dare, waɗanda fargabar 'yan fashi ta sa suka fara tambayar farashi.

Akwai ƙamshin gaskiya a ciki. A 2008 Kotun Ƙolin Amurka ta yanke hukunci a shari'ar Heller cewa tsarin mulki ya ba mutum 'yancin ajiye fistol a gidansa don kare kai. Amma duk dillali mai lasisi sai ya ba ka takarda mai lamba 4473 ka cike, ya tura sunanka ga tsarin bincike na FBI da ya fara aiki a 1998. Ba zai sayar da fistol ga wanda bai kai shekara 21 ba. Wanda ke zaune ba bisa ƙa'ida ba dokar tarayya ta haramta masa riƙe bindiga, haka mai bizar karatu ko ta ziyara, sai a wasu 'yan keɓantattun halaye. Mai katin zama na dindindin yana iya saye. Daga nan kowace jiha da nata: Kalifoniya sai ka jira kwana 10, New York sai da lasisi kafin ka mallaka, Teksas kuwa tun 2021 ta daina neman lasisin yawo da fistol ga mafi yawan manya. Wanda ya ce maka ana aiko bindiga har ƙofar gida ta intanet ya yi ƙarya. Wurin dillali ake kai ta, can za a bincike ka. Wanda kuma ya ce "ba ni kuɗin in sayo maka da sunana" yana jan ku duka biyu zuwa gidan yari, domin dokar 2022 ta tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara 15 ga wanda ya saya wa wanda aka haramta wa.

Sai maganar inganci, inda mutane suke kafa hujja da cewa araha ba ta ado. Wannan zargi yana da tushe. Bayan dokar 1968 ta toshe shigo da ƙananan fistol masu araha daga waje, wasu kamfanoni a kudancin Kalifoniya, irin su Raven da Bryco da Lorcin, suka cika kasuwa da bindigogin da aka zuba da gaurayen tutiya. Suna cijewa, suna saurin lalacewa. Wata ƙirar Bryco sai an cire makullin kariya kafin a iya fitar da harsashin da ke cikinta, kuma a haka wata ta tashi ta shanye jikin wani yaro ɗan shekara bakwai. Hukuncin diyyar da ya biyo baya ya durƙusar da kamfanin a 2003.

Kasuwar yau ba waccan ba ce. Ruger, Smith & Wesson, Canik na Turkiyya da Taurus na Birazil duk suna da fistol da ba su kai kuɗin Glock ba, kuma suna aiki. Hi-Point da ake ƙerawa a jihar Ohio ita aka fi yi wa ba'a saboda muni da nauyi, amma nauyin nan ƙirarta ce ta buƙace shi, kuma kamfanin yana gyara ta kyauta muddin tana nan. Tsada ma ba ta wanke kowa ba. A 2015 Taurus ya amince da sulhu a kotu kan fistol kusan miliyan ɗaya da aka ce suna iya tashi idan sun faɗi ƙasa. Shekara biyu bayan haka irin wannan ƙorafi ya taso wa P320 ta SIG Sauer, wadda rundunar sojin Amurka ta zaɓi wani nau'inta a shekarar, har kamfanin ya shiga sauya wa masu ita kayan kunama. A ganina abin tambaya shi ne tarihin ita wannan ƙira ɗin: an taɓa kiran a dawo da ita, kuma an gyara? Wata hanyar araha kuma ita ce bindigogin da rundunonin 'yan sanda ke sayarwa idan sun sauya makamai. Yawancinsu sun goge a jiki saboda zama a kube, cikinsu kuwa lafiya lau.

Wai sai babban harsashi ke tsayar da ɗan fashi. Bayan artabun Miami na 1986, inda aka kashe jami'anta biyu, FBI ta koma ga harsasai masu ƙarfi. Kusan shekara talatin bayan nan ta dawo kan mai milimita 9, bisa hujjar cewa ƙirar harsashi ta inganta kuma jami'ai sun fi samun abin da suka auna da shi. Shi ne kuma ya fi arahar atisaye a cikin takwarorinsa.

Wai ƙaramar bindiga marar nauyi ita ta dace da mace ko tsoho. Akasin haka ne: iya rashin nauyinta, iya yadda take fizgar hannu idan ta tashi. Libarba ma da ake cewa ba ta taɓa cijewa, gaskiya ba ta cika yi ba, amma kunamarta tana da tauri, kuma harsashi biyar ko shida yawanci take ɗauka.

Jita-jitar da ta fi damuna ba a ma furta ta, ɗauka ake yi: wai da an biya kuɗin bindiga an gama. Mai ƙaramin ƙarfi da ya zuba duk abin da ya tara a kan ƙarfen, bai bar na harsashin gwaji ba, bai bar na horo ba, bai bar na akwati mai makulli ba, ya shigar da haɗari gidansa ne kawai. Alƙaluman hukumar CDC sun nuna mutum 48,830 suka mutu ta harbi a Amurka a 2021, kuma fiye da rabinsu kansu suka kashe. Wani bincike da aka buga a 2020, wanda ya bi manya fiye da miliyan 26 a Kalifoniya, ya gano maza masu fistol sun ninka marasa ita kusan sau takwas wajen kashe kai da bindiga. Tun 2020 kuma harbi ya zarce haɗarin mota wajen kashe yara da matasa 'yan shekara 1 zuwa 19. Gidan da ke da ƙananan yara, ko wanda ke fama da baƙin ciki mai tsanani, ko miji da mata da faɗansu ke kai wa ga duka, lissafinsa daban ne. Dokar 2005 ta tilasta wa dillalai haɗa kowace fistol da abin kullewa. Mai shago ya bayar, saura mai gida ya kulle.

Akwai kuma masu raɗa cewa a saya can da araha a cuso cikin mota ko kwantena zuwa gida. Fitar da bindiga daga Amurka ba da izini ba babban laifi ne a can. A Najeriya kuwa Dokar Makamai ta sa fistol da libarba cikin jerin haramtattun makamai, waɗanda sai da lasisin Shugaban Ƙasa, ba kamar adaka ko bindigar farauta da 'yan sanda ke ba da izininsu ba, kuma mafi ƙarancin hukuncin mallakar fistol ko libarba ba lasisi ɗaurin shekara 10 ne. Ko a 2022 da gwamnan Zamfara na lokacin, Bello Matawalle, ya ce jama'a su nemi lasisin bindiga don kare kansu daga 'yan bindiga, rundunar 'yan sandan jihar ta fito ta ce dakatarwar da aka yi wa bayar da lasisi tana nan daram.