Cocaine Cowboys: Me Ya Raba Kan Masu Sharhi?

A shekarar 2006 Billy Corben ya fitar da Cocaine Cowboys, fim na gaskiya kan yadda hodar ibilis daga Kolombiya ta mamaye birnin Miami na Amurka a shekarun 1970 da 1980. Kuɗi sun yi ambaliya, dogayen gine-gine suka tashi, gawarwaki kuma suka yi yawa har hukuma ta yi hayar motar sanyi don ajiye su.

Abin da ya burge masu sharhi shi ne waɗanda suka yi aika-aikar da bakinsu suke ba da labari. Ga Jon Roberts dillali, ga Mickey Munday matuƙin jirgi, ga Jorge Ayala da ke kurkuku, wanda ya riƙa yi wa Griselda Blanco, babbar 'yar fataucin hodar, aikin kisa. Kiɗan Jan Hammer ne, mai kiɗan shirin talabijin na Miami Vice, kuma fim ɗin ba ya barin mai kallo ya numfasa.

A nan ne gizo ke saƙa. Wasu masu sharhi sun ce wannan gudu da kiɗa sun mayar da zubar da jini abin nishaɗi, 'yan fataucin suna ta alfahari kamar jarumai. Ina ganin ƙorafin yana da tushe. Ayala yana zayyana kashe-kashe hankali kwance, amma da ƙyar ake jin muryar iyalan mamatan, alhali cikin waɗanda aka kashe har da yaro ɗan shekara 2.

Duk da haka fim ɗin ya karɓu, musamman a wajen mawaƙan hip-hop, har aka yi kashi na biyu a 2008.