Babbar Manhajar Kwamfuta da Baƙaƙen Hausa Masu Ƙugiya

1.0 Gabatarwa

Malamin Hausa a Madadi ta ƙasar Gwarzo yana iya rubuta tambayoyin jarrabawa a wayarsa, ya kai su shagon buga takardu a Gwarzo ko Kabo, takarda ta fito ya tarar kalmar "baƙi" ta koma "baki", ko kuma wani ɗan akwati ya zauna a gurbin ƙ. Sau da yawa akan ɗora laifin a kan mai shago ko a kan injin bugawa, alhali kuwa tushen al'amarin yana cikin abin da ake kira babbar manhaja. Manufar wannan maƙala ita ce bayyana ma'anar babbar manhaja da ire-irenta, sa'an nan a nuna inda ta shafi rubutun Hausa.

2.0 Ma'ana da Ire-ire

Babbar manhaja ita ce tarin umarnin da ke tsakanin ƙarfen na'ura da mai amfani da ita. Ita ce ke fara aiki da zarar an kunna na'ura, ita ke raba wa sauran manhajoji lokaci da wurin ajiya, ita ke karɓar abin da aka latsa ta nuna shi a fuskar allo. Matsayinta kamar na sarkin kasuwa ne, wanda ba ya saye ba ya sayarwa, amma shi ke ba kowa rumfa, ya kuma raba gardama.

Daga cikin waɗanda suka yi tasiri akwai Unix, wadda Ken Thompson da Dennis Ritchie suka fara a Bell Labs ta Amurka a 1969. Kamfanin Microsoft ya fito da MS-DOS a 1981, sai Windows a 1985. Kamfanin Apple ya fito da Macintosh a 1984. A 1991 wani ɗalibi a Helsinki, Linus Torvalds, ya fara Linux, wadda kowa ke da damar ɗauka ya gyara.

A ɓangaren waya kuwa, an soma layukan GSM a Nijeriya a 2001, kuma a shekarun da suka biyo baya manyan wayoyin Nokia sun yi aiki da Symbian. Wayar iPhone ta fito a 2007, wayar farko mai Android kuma a 2008. An gina Android ne a kan Linux, kuma ita ce ke cikin manyan wayoyin Tecno da Infinix da Itel da suka cika kasuwannin Kano. Ke nan ga mafi yawan Hausawa, babbar manhajar da suka fara taɓawa ta waya ce.

3.0 Matsalar Ƙugiya

An daidaita amfani da ɓ da ɗ da ƙ a rubutun boko tun shekarun 1930, jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo da aka kafa a Zariya a 1939 kuma ta yaɗa su. Ƙugiyar nan ita ce ke raba "kafa" da "ƙafa", da "bata" da "ɓata", da "gada" da "gaɗa".

To, kwamfutocin farko sun dogara ne da tsarin ASCII na 1963, mai gurabe 128 kacal, waɗanda aka tsara don bukatun Ingilishi. Babu ko ɗaya daga baƙaƙen nan a ciki. A shekarun 1990 Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ya ƙirƙiro zanen haruffa na Rabiat da Abdalla, waɗanda suka ari gurbin wasu alamomi suka sa baƙaƙe masu ƙugiya a ciki. Dabarar ta yi wa marubuta da maɗaba'o'i amfani ƙwarai. Sai dai idan aka buɗe rubutun a na'urar da ba ta da wannan zane, alamomin asali su ke bayyana, shi ya sa har yanzu akan ci karo da "}asa" da "]aya" a tsofaffin takardu.

Maganin dindindin ya zo ne daga tsarin Unicode, wanda ya fara fitowa a 1991, ya ba kowane harafi lamba tasa da ba ta canzawa daga na'ura zuwa na'ura. Baƙaƙen Hausa, manya da ƙanana, har da ƴ ta rubutun Nijar, duk suna ciki. A 2020 kuma aka ƙara wasu haruffan Ajamin Hausa.

4.0 Sharuɗɗa Uku

Kafin harafi ya fito daidai, sai abubuwa uku sun haɗu, kuma duka ukun a hannun babbar manhaja suke. Na farko, ta san lambar harafin. Na biyu, ta mallaki zanen da ke ɗauke da surarsa. Rashin wannan ne ke haifar da ɗan akwatin nan. Na uku, ta ba mai rubutu allon maɓallan da zai samar da harafin.

Windows 7 ta 2009 ta zo da tsarin maɓallan Hausa, an kuma samar mata da fassarar umarninta zuwa Hausa. A wayoyin Android, allon Gboard yana da Hausa cikin jerin harsunansa. Saboda haka malamin Madadi zai tsira daga matsalarsa in ya kunna allon Hausa a wayarsa, ya kuma mayar da takardar PDF kafin ya kai shago, domin irin wannan takarda tana tafiya da zanen haruffanta.

5.0 Kammalawa

Bisa ga abin da ya gabata, shingen da ya tare rubutun Hausa a shekarun 1980 da 1990 ya kau. Abin da ya rage shi ne sabo. Wanda ya saba rubuta "kasa" a madadin "ƙasa" a saƙon waya, da wuya ya gyara a takardar jarrabawa. Har ila yau, injunan fassara da na gyaran rubutu suna koyo ne daga abin da mutane suka rubuta, don haka kuskuren da ya yawaita shi za su ɗauka a matsayin ƙa'ida su mayar wa ɗalibai. Ya kamata sassan Hausa na jami'o'i da kwalejojin ilimi su sa koyar da allon Hausa cikin darasin ƙa'idojin rubutu, su kuma juya tsofaffin kundayen digiri da aka buga da Rabiat zuwa Unicode tun ana iya karanta su.