Ruwa Kafin Mai: Abin da ke Riƙe Laushin Kitso a Ƙasar Arewa

A Matankari, tsohuwar cibiyar sarautar Arewa, da sauran garuruwan da ke bin Dallol Mawri har Dogon Dutsi da Tibiri, da wuya a sami unguwar da ba ta da makitsiya. Idan salla ta gabato ko an sa ranar biki, mace kan wuni da kanta a cinyar makitsiya, ta tashi da shuku ko kalaba, tsaga fes, kai na ɗaukar ido. Amma kafin a yi kwana goma, musamman da hunturu, sai ƙananan gashi su miƙe bisa kitson, baƙin ya koma toka-toka, jela ta bushe ta ƙandare. Abin da aka saba yi shi ne a ƙara lafta mai. In abin ya ƙi, a ɗora wa makitsiya laifi, a ce hannunta ba ya kamawa, gaba a nemi wadda ta fi ja.

Waɗannan dabaru biyu sukan ƙara ɓarnar ne. Laushin gashi daga ruwa yake zuwa, sheƙinsa kuma daga kwanciyar ɓawonsa. Mai yana da amfani, amma aikinsa tsare danshin da ya riga ya shiga. Ja kuwa, idan ya yi yawa, gaban goshi yake ci.

Yadda silin gashi yake

Silin gashi an gina shi da wani furotin mai suna keratin. A wajensa akwai ɓawo na ƙananan faifai da suka hau kan juna, daga tushe suna kallon baki, kamar yadda ake jera ciyawa a jinkar rumbu. Idan faifan nan suna kwance, haske ya sauka ya dawo bai ɗaya, ido ya ga sheƙi. Idan suka ɗaga ko suka ɓantare, hasken ya warwatse, gashi ya dushe, silin ya riƙa sarƙe ɗan'uwansa.

Gashinmu yana da nasa hali. Idan aka yanka sili aka duba shi a madubin ƙara girma, ba a ganinsa da'ira. A shafe yake, kuma ramin da yake fitowa a lanƙwashe yake. Shi ya sa yake fitowa a murɗe. Kowace murɗa wuri ne mai rauni da sili zai iya tsinkewa. Haka kuma maiƙon da fatar kai ke fitarwa, wanda kan gangara cikin sauƙi a miƙaƙƙen gashi, ba ya iya bin duk lanƙwasar nan har ya kai baki. Sai a sami mace fatar kanta da maiƙo, jelar kitsonta kuwa a bushe ƙamas.

Gashi yana shan ruwa. Idan ya jiƙe sosai yakan ɗauki kusan kashi 30 cikin 100 na nauyinsa, ko da ba a jiƙa shi ba kuma yana musayar danshi da iskar da ke kewaye da shi. Wannan ɗan ruwan da ke cikinsa shi ke sa ya tanƙwaru ba tare da ya karye ba.

Rani da damina, kowanne da ɓarnarsa

Ƙasar Arewa tana samun ruwan sama wajen milimita 500 a shekara, kusan duka tsakanin Yuni da Satumba. Sauran watannin rani ne. Daga Disamba zuwa Maris laimar iska kan sauka ƙasa da kashi 20 cikin 100 da rana, ga ƙurar da iskar hunturu ke kwasowa daga hamada. A irin wannan yanayi iska ce ke zuƙe ruwan gashi. Silin ya bushe, ya karye a wurin murɗa, guntun da ya saura ya fito daga cikin kitso ya tsaya. Yawancin abin da ake gani buzu-buzu bisa kitson rani karyayyen gashi ne. Da bazara kuma, lokacin da zafi ke haura digiri 40, gumi ya kwanta a tsaga, ya bushe ya bar gishiri, ƙura ta manne a kai.

Da damina labarin ya juya. Iska na cike da laima, sili ya sha ya kumbura, ya nemi komawa murɗarsa ta asali, sai gajerun su zame daga kitso. Ga kai da ke jiƙewa a gona ko a wurin wanka, a rufe shi da ɗankwali da hijabi tun bai bushe ba. Daga nan wari da ƙaiƙayi ke farawa.

Ke nan shawarar da ake rubutawa a jikin kwalaben da ke shigowa daga Legas ko Kwatano ba lallai ta dace da Matankari ba, domin can laima ce damuwarsu kusan duk shekara. Gilisarin, alal misali, aikinsa jawo danshi daga iska. A watan Fabrairu babu danshin da zai jawo, sai dai a gauraya shi da ruwa, shi ma kaɗan.

Wankin kai

Ba sai an tsefe ake wanke kai ba. Ko a wankan ibada, hadisin Ummu Salama da ke cikin Sahihu Muslim ya nuna mace ba sai ta warware kitso ba, muddin ruwa ya kai tushen gashi, kuma a kan haka malaman Malikiyya suke. Wankin sabulu sau ɗaya a mako ko mako biyu ya wadatar. Abin lura shi ne da me ake wankewa.

Masana suna da ma'aunin tsami da kanwa da suke kira pH, daga 0 zuwa 14. Bakwai ne tsakiya. Ƙasa da shi tsami, sama da shi ɓangaren kanwa. Fatar kai tana wajen 5.5, gashi ma ɗan tsami-tsami yake so. Sabulun salo da sabulun wanki suna kaiwa 9 zuwa 10, ruwan kanwa da garin sabulun wankin tufa suna iya wuce haka, man miƙar da gashi kuwa yana kaiwa 12 zuwa sama. Duk abin da ke ɓangaren kanwa yana kumbura sili, ya ɗaga ɓawo, ya kankare siririn maiƙon da ke lulluɓe da shi. Kai zai fita tas, amma sheƙi ya tafi. Idan kuma ruwan rijiyar mai zartsi ne, sabulu ya haɗu da shi ya bar wani farin dasashi a jikin gashi.

A nan kakanninmu sun riga mu. Yoɗo, wanda wasu ke kira karkashi, idan aka jiƙa ganyensa yakan saki yauƙi, yauƙin nan kuma yana sa silin gashi su zame wa juna maimakon su sarƙe. Yau ana sayar da busasshen ganyen nan daga Chadi har Turai da Amurka a matsayin abin wanke gashi, alhali a gonakinmu yake fitowa da kansa. A jiƙa shi, a tace da kyau don kada ɓurɓushi ya maƙale a kitso, a bi tsaga da tsokar yatsa ba da farce ba. Kada a cuɗa kitson kamar ana wankin tufa. A bar ruwan ya gangara ta kansa. Idan an yi amfani da sabulu, a ɗauraye da ruwa lita guda da aka matsa wa rabin lemun tsami, ɓawo zai kwanta. Sannan a danna tsumma mai tsabta a tsane ruwan, a bar kai ya sha iska a cikin gida kafin a ɗaura masa komai.

Wane mai, kuma yaya yawansa

Lokacin shafa mai shi ne sa'ad da kitso ke da sauran danshi. A ranakun da ba a yi wanki ba, a yayyafa ruwa kaɗan da hannu ko da 'yar kwalbar feshi, sannan a murza mai a tafi a bi kitson daga sama zuwa jela, a fi ba jela ƙarfi domin ita ce mafi tsufa. Da hunturu ana iya yin haka duk bayan kwana biyu ko uku. Da damina sau ɗaya a mako ya isa. Alamar an yi daidai ita ce a shafa kitso hannu ya fito ba naso.

Ba duk mai ne ɗaya ba. Wani bincike da Rele da Mohile suka yi a Indiya, aka buga a 2003, ya gwada man kwakwa da man furen rana da man da ake tacewa daga fetur. Man kwakwa kaɗai aka ga ya rage zubar furotin daga gashi, domin ƙwayoyinsa ƙanana ne kuma miƙaƙƙu, suna ratsa ɓawo su shiga ciki. Basilin ba ya shiga ko kaɗan. Yana toshe hanyar fitar ruwa sosai, amma idan an shafa shi a busasshen kai, bushewar ya rufe, kuma duk ƙurar da ta taso sai ta zauna a kansa. Man kaɗe, da ake samu daga kudancin jihar Doso wajen Gaya, yana da kauri, ya dace da jela a lokacin sanyi idan aka narkar da ɗan kaɗan a tafi. Man gyaɗa da matan Arewa ke matsewa a wurin ƙuli-ƙuli da man riɗi sun fi shi sauƙi, suna kuma biyan buƙata. Man shanu yana sa laushi, tun da can ma da shi ake gyaran kai, sai dai yana saurin ɓaci a zafi, don haka ya fi kyau a shafa shi kafin wanki, a bar shi ɗan lokaci, a wanke.

Akwai kuskure guda da ya zama ruwan dare: cika tsaga da mai don maganin amosani. Ƙwayar da ke haddasa amosanin kai, wadda ake kira Malassezia, maiƙo ne abincinta. Ƙara mata mai yana ɓoye garin na kwana biyu, sannan ya dawo ya fi da. Maganinsa sabulun ruwa mai ketokonazol da ake samu a kantin magani. Makero kuwa, wanda ke cin kan yara ya bar fili, shafe-shafe ba ya kashe shi. Sai an je likita an karɓi maganin sha, kuma a raba wa yaron mataji da matashi.

Gogayya

Bayan bushewa, babban abin da ke tsufar da kitso shi ne goguwa. Macen karkara tana ɗora gammo ta ɗauko ruwa ko itace, nauyin yana murza kitson tsakiyar ka. Lokacin kaka, wurin sussuka da shiƙa, ƙaiƙayin gero yana shiga tsaga, a yi ta sosa har gashi ya tashi. Da dare kuma kai na birgima bisa matashi ko tabarma. Atamfa auduga ce, tana tsotse danshi da mai, kuma saƙarta na kama ƙananan gashi. Ƙyalle mai santsi, irin satin ko siliki, wanda ake samu a wurin kowane tela, shi ya kamata ya fara taɓa kai, a ɗora ɗankwali ko gammo a samansa. Da shi za a kwana, a ɗaure ba tamau ba. Idan gashi ya riga ya tashi, a jiƙa hannu a kwantar da shi, a shafa mai kaɗan, a ɗaura ƙyallen na rabin awa. Kada a bi shi da almakashi ko wutar ashana.

Masu ƙara zaren roba, wanda a Nijar ake ce wa meshi, su san cewa zaren ba ya shan ruwa ba ya shan mai, kuma nauyinsa a tushen gashi yake rataye. Malamai da yawa ma sun hana ƙarin gashi. Wadda ta yi, ta rage tsawo da kauri.

Ranar tsifa

Gashi yana tsiro kusan santimita ɗaya a wata, namu ma yakan ɗan gaza haka. Bayan mako huɗu dole tushen kitso ya saki, kuma wannan ba laifin kowa ba ne. Haka nan mutum yana zubar da sili 50 zuwa 100 kowace rana. A kitse ba su da hanyar faɗuwa, don haka kitson mako shida yana riƙe da sili 2,100 zuwa 4,200 da suka riga suka tuge. Wadda ta ga dunƙulen gashi a mataji ranar tsifa kada hankalinta ya tashi. Haɗarin yana wajen barin kitso ya wuce mako shida zuwa takwas, lokacin da zubabben gashi da mai da ƙura ke dunƙulewa a tushe. A tsefe daga jela da tsinke, kai na da danshi da santsin yoɗo, a warware dunƙulen da yatsa kafin mataji ya shiga. A ba kai hutun 'yan kwanaki kafin sabon kitso.

Ja ba shi ne ƙarko ba

A birnin Kef Tawun na Afirka ta Kudu, likitar fata Nonhlanhla Khumalo da abokan aikinta sun duba kawunan mata da 'yan makaranta, suka buga sakamakon a 2007. Sun tarar kusan kashi 32 cikin 100 na manyan mata da kashi 17 na 'yan mata 'yan makaranta suna da zubewar gashi da ja ya haddasa, kuma abin ya fi tsanani idan an yi kitso a kan gashin da aka miƙar da sinadari. Ba sai an je nesa ba. A duk taron biki, idan ɗankwali ya zame, ana ganin goshin da ya ja baya da gefen kunnen da ya zama fili.

Alamun suna bayyana tun ranar farko: ciwon kai, ƙananan ƙuraje a bakin tsaga, fatar goshi ta ɗame har gira ta ɗaga, mutum ya kasa kwanciya a kan kitson. Idan aka sassauta da wuri, gashi yana dawowa. Idan aka shekara ana maimaitawa, tushen ya mutu ya zama tabo, babu man da zai sake tsirar da shi.

Yarinya ƙarama ba ta iya ce wa babba ta sassauta. Tana kuka ana ce mata, “Daure 'yata, saura kaɗan.” Uwa ce ko yaya ko goggo da ta kai ta za ta buɗe baki ta ce, “Inna, a bar mata na gaban goshin nan, kar a kama su.” A kuma riƙa sauya salo, in an yi shuku wannan karon, na gaba a kwantar da shi baya, don kada ja ya riƙa faɗawa wuri guda. Makitsiyar da ta san aikinta ba za ta ji haushi ba. Kitson da aka sassauta zai iya rage kwana biyu ko uku a kai, a sake wani. Gashin goshin da ya mutu tun yarinya tana shekara goma kuwa, haka za ta kai shi ɗakin miji, haka za ta tsufa da shi.