RAGE KWANAKIN AIKI: INA MATSAYIN MA'AIKACI A NGURU DA GASHUWA?

Tun daga shekarar 1930 da layin dogo ya taso daga Kano ya tsaya a Nguru, garin ya zama matattarar masu neman abinci da ƙarfinsu. A nan ake tara gyaɗa da ƙaro da fatu da shanu ana loda su a tarago zuwa kudu, wani kayan kuwa daga Gashuwa da sauran ƙasar Bade ake kawo shi. 'Yan dako da leburori da akawuna da masu awo duk sun ci abinci a gindin tasha.

Sai aka yi farin 1972 zuwa 1974, cuta ta afka wa gyaɗa a 1975, sa'an nan a 1986 Gwamnatin Tarayya ta rushe hukumomin sayen amfanin gona. Aikin tasha bai mutu rana ɗaya ba, raguwa ya dinga yi kamar ruwan kogin Yobe da rani. Haka al'amarin yake har yanzu a injinan casar shinkafa da gidajen burodi da gidajen mai na waɗannan garuruwa. Idan man dizal ya yi tsada ko shinkafa ta yi ƙaranci, maigida ba ya cewa ya sallami kowa, sai ya ce mai zuwa kwana shida ya riƙa zuwa kwana uku. Lada ta ragu da rabi, alhali kuɗin cefane da na haya suna nan yadda suke.

ABIN DA DOKA TA CE

Masu iya magana sun ce rashin sani ya fi dare duhu. Dokar Ƙwadago ta 1974, wadda har yanzu ita ake aiki da ita, ba ta bar wannan magana a hannun maigida shi kaɗai ba. Sashe na 17 ya ce wajibi ne mai ɗaukar ma'aikata ya ba ma'aikacinsa aiki a kowace ranar aiki da ya zo da ƙoshin lafiya, in kuwa bai ba shi ba, to, ya biya shi ladar wannan rana cif, sai fa idan akwai wata yarjejeniya da ƙungiyar ma'aikata da ta ce ba haka ba. Inda aka yi wa maigida rangwame shi ne idan wani abu da ya fi ƙarfinsa ya tsai da aiki. A nan ladar rana ta farko kaɗai zai biya, amma wannan rangwame ba ya wuce mako ɗaya sai da iznin jami'in ƙwadago.

Sashe na 7 kuma ya ce cikin wata uku da fara aiki a ba ma'aikaci takarda mai bayyana sharuɗɗan aikinsa, har da awoyin aiki da yawan lada, kuma duk canjin da aka yi a sanar da shi a rubuce cikin wata ɗaya. Sashe na 13 ya nuna awoyin aiki abu ne da ake tsayarwa da yardar juna ko ta hanyar sasantawa da ƙungiya. Watau maigida ba shi da ikon tashi da safe ya datse kwanaki da lada kawai don ya ga dama.

Idan kuwa sallama ce za a yi saboda aiki ya yi ƙaranci, sashe na 20 ya ce a sanar da ƙungiya ko wakilin ma'aikata, a fara da wanda ya zo daga baya tare da duba ƙwazo da amana, a kuma yi iya ƙoƙari a daidaita kan kuɗin sallama. Wannan ne ya sa rage kwanaki ya fi wa wasu iyayen gida sauƙi, domin ma'aikacin da ya gaji ya tafi da kansa ba shi da abin da zai nema.

BABU KUƊIN RASHIN AIKI

Babban giɓin shi ne Nijeriya ba ta da asusun da ke biyan wanda ya rasa aiki, balle wanda aka rage masa kwanaki. Abin da ya fi kusa da haka yana cikin Dokar Fansho ta 2014, wadda ta yarda wanda ya rasa aiki ya kuma yi wata huɗu bai samu wani ba ya ciri har kashi 25 cikin ɗari na ajiyarsa. To, amma wanda yake zuwa kwana uku, a idon doka bai rasa aiki ba, saboda haka wannan ƙofa a rufe take gare shi. Bugu da ƙari, yawancin ma'aikatan ƙananan wurare ba su da ajiyar fansho ma sam.

Mafi ƙarancin albashi, wanda ya fara da Naira 125 a 1981 ya kai Naira 70,000 a 2024, shi ma bai shafi wurin da ke da ma'aikata ƙasa da 25 ba, ko masu aikin da ba na cikakken lokaci ba, ko aikin da ke bin damina da kaka. Ke nan rage kwanaki na iya fitar da mutum daga inuwar wannan doka baki ɗaya.

A wasu ƙasashe an toshe wannan kafa. A Jamus, idan kamfani ya rage awoyi saboda kasuwa ta faɗi, gwamnati na biyan ma'aikaci kashi 60 cikin ɗari na abin da ya rasa, mai 'ya'ya kuma kashi 67. A Afirka ta Kudu, ma'aikaci da maigida kowa na zuba kashi ɗaya cikin ɗari na albashi a asusun rashin aiki, wanda aka rage wa lokaci kuma yana iya neman cikon ladarsa daga ciki.

TAKARDA ITA CE SHAIDA

A Nguru da Gashuwa galibin aiki da baki ake ƙulla shi, kuma sau da yawa maigida ɗan'uwa ne ko maƙwabci, ana jin nauyin tambayarsa takarda. Ma'aikaci yakan haƙura ya ce da babu gara ba daɗi. Amma ranar da rigima ta tashi, ko a gaban jami'in Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya, ko a Kotun Ma'aikata ta Ƙasa wadda aka kafa a 1976, abin da za a fara tambaya shi ne shaidar kwana nawa da lada nawa aka yi alkawari.

Saboda haka wanda aka ce za a rage masa kwanaki ya nemi a rubuta masa dalili da ranar da za a koma yadda ake, ya adana shaidar biyan da ake yi masa, kada kuma ya yi gaggawar ajiye aiki cikin fushi. Idan ma'aikatan wuri guda suka zaɓi wakili suka je wa maigida tare, maganarsu ta fi nauyi.

Shi ma maigidan da tsadar mai ta matse yana da uzurinsa, sai dai bai kamata a ce lebura ne kaɗai zai ɗauki asarar ba. Har zuwa ranar da Majalisar Tarayya za ta kafa asusun da zai cike wa irin waɗannan bayin Allah ladarsu, makaminsu shi ne sanin sashe na 17 da takardar da ke hannunsu.